Wayar Da Baba Ya Ɗaure Da Roba

A garinmu, can tsakanin Kura da Bunkure, motar da sai an tura take tashi ba a kiranta matacciya. Lafiyarta ƙalau, turi kawai take so. Haka na taso na ji ana faɗa, haka kuma mahaifina ya ɗauki tsohuwar a-kori-kurarsa tun ranar da ya murza makulli ta yi masa shiru. Bai kai ta wurin kowa ba. Lokacin ɗiban tumatir ne, ba shi da yinin da zai ɓata a bakin gareji, sai ya nemo dabara. In ya je gona ya ajiye ta a kan gangaren bakin kanal, hancinta na kallon ƙasa, ya sa dutse a gaban taya. In zai taso ya janye dutsen, ya buɗe ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙarfe, ya tura. Tana ɗaukar gudu sai ya yi tsalle ya faɗa ciki ya saki kuloci. A gida kuwa ni ne mai turi, ni da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar gidanmu da safe. Har liman ya taɓa tura ta.

Baba a lokacin ya manyanta, gemunsa ya yi fari tas, amma bai san zama ba. Yana cikin waɗanda suka fara noman rani tun da ruwan Tiga ya iso mana, kuma gonarsa tana da nisa, ba tafiyar ƙafar tsoho ba ce. Motar nan ita ce ƙafarsa.

A ɗaya daga cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da kowa ya duƙufa kan alkama, wata rana aka sako ruwa da yawa har kanal ya tumbatsa ya jiƙa gangaren. Baba ya tura motarsa kamar kullum, ya zo yin tsalle santsi ya kwashe shi. Ya faɗi a kan hannunsa na hagu, tayar baya ta wuce ta gefen ƙafarsa har ta taka bakin wandonsa. Motar ta gangara ita kaɗai ta je ta kafe a gonar albasar maƙwabcinmu. Da shanun huɗa muka jawo ta gida, muka ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar da ke fuskantar zaure. Mai ɗori ya zo ya ɗora hannun, mahaifiyata kuma, Inna, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Hannu ya warke, aka kwance karan ɗori, amma Baba bai tashi daga tabarmar zaure ba. Ni na ci gaba da kula da gonar, a keke nake zuwa. In na dawo na tsuguna ina ba shi labarin alkama, sai ya ce, “To, madalla,” ya ci gaba da jan carbinsa. Na san zaman zaure. Na ga yadda ya cinye tsofaffin unguwarmu, mutum yana da ƙarfinsa a bara, bana ka same shi ya zama abin da ake gaisarwa a wuce. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ina kallonsa yana faruwa a gabana.

Yayana, babban ɗan Baba, yana aiki a Kano. Ya zo wata Juma'a ya kira ni ɗakin Inna, ya ce shi da ita sun gama magana, motar za a sayar, zai zo da dillali Juma'a mai zuwa.

Na ce, “Yaya, in aka raba shi da motar nan, da me zai je gona?”

Ya ce, “Ya huta mana. Ba ga ka ba? Motar da sai an tura ba zai sake hawanta ba, ina raye.”

“In ta tashi da makulli fa?”

Ya yi dariya. Ya ce ya tambayi wani bakanike a birni, an gaya masa kik ɗinta ne ya mutu, wato ɗan injin da ke murza babban inji ya tashi, kuma a wannan zamanin na ƙarancin kayan gyara ko a Sabon Gari sai an sha yawo ba a samu ba. Na tambaye shi ko bakaniken ya ga motar. Ya ce ba sai ya gani ba.

Na ce, “Ni dai tambayata ɗaya ce. In ta tashi da makulli, a tsaye, ba turi, za ka bar masa?”

Ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun muna yara in na kafe kan abu. Ya ce, “In ta tashi.”

Abin da na sani na lantarki a lokacin bai wuce zuba wa tocila batir ba. Amma ina da taurin kai, wannan kowa a gidanmu ya shaida, kuma ban taɓa jin ya yi mini amfani irin na makon nan ba. Wahalar farko ma ba a jikin mota take ba, a bakin zanin Inna take.

Ta ce, “Ba zan ba ka ba.”

“Inna, ba shi zan kai wa ba. Dubawa kawai zan yi.”

“Kai da babanku duk ɗaya kuke. Ni na wanke jinin da ke gwiwarsa, ba kai ba. Ni na ga sawun taya a wandonsa.”

Ban yi mata musu ba, don gaskiyarta ce. Na ce mata in har ba ta tashi da makulli ba, da hannuna zan miƙa wa Yaya shi, ba kuma zan sake ɗaga maganar ba. Ta daɗe tana tsince shinkafarta kamar ba ta ji ni ba. Can ta kwance ƙullin ta ajiye makullin a kan tabarma, ba ta sa mini a hannu ba.

Washegari na ciro batir na ɗaure a bayan keke na nufi Kura a yi masa caji, tunda motar ta daɗe a ajiye. Kafin in isa ruwan batir ya zubo ya huda mini wando. Mai cajin shi ne kuma mai gyaran wayoyin mota na bakin tasha, wani dattijo mai ƙarancin magana da batura suka kewaye shi. Na roƙe shi ya biyo ni gida, ya nuna mini motocin tumatir da ke jiransa, ya ce ko mako mai zuwa ba shi da rana. Sai na ja wani tsohon rim ɗin taya na zauna. Na ce to ya gaya mini abin da zai fara dubawa in da shi ne.

Ya ce, “Fitilunta na kamawa?”

Na ce ban sani ba, ba ma fita da dare.

“Kuna ta tura mota duk wannan lokacin, ba wanda ya ko kunna fitila ya gani?”

Ya ga ba ni da niyyar tashi, sai ya jawo wani tsohon kik daga ƙarƙashin benci. Ya nuna mini inda ƙatuwar waya daga batir take shiga, ya nuna mini wani ɗan harshen ƙarfe a gefe inda siririyar waya daga makulli take zama. Ya ce ƙatuwar ita ke kawo ƙarfi, siririyar kuwa saƙo kawai take kawowa, in saƙon bai iso ba kik ba zai motsa ba ko da sabo ne dal. Ya ce in kunna fitila in murza makulli: in hasken ya dushe, wuta tana zuwa, matsalar tana jikin kik ko batir. In bai ko ƙifta ba, in cire motar daga giya, in sa sukudireba in haɗa waɗannan wurare biyu, in ji abin da zai faru. Ya ara mini wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu a jiki na gwada wuta, ya ƙara mini da ɗan guntun dalma. Ya ce, “Tashi haka nan, ka tare mini iska.”

Da caji ya kammala na dawo gida na mayar da batir, na kunna fitilu suka haska bangon zaure a inuwar darbejiya. Na murza makulli, ko ƙiftawa ba su yi ba. Na buɗe bonet, na zura hannu can ƙasa inda kik yake, na yi bismilla na taɓa da sukudireba. Tartsatsi ya tashi, na zabura har na buga ƙeyata da bonet, amma na ji abin da ba mu ji ba tun bara: kik ya murza inji da ƙarfinsa. Na waiga zaure ina sosa ƙeya. Baba ya ɗago kai, carbin ya tsaya a hannunsa.

Da na so, da a nan na tsaya, in koya wa Baba tayar da mota da sukudireba. Amma ba haka muka yi da Yaya ba, ni ma kuma ba zan raba tsoho da turi in haɗa shi da tartsatsi ba. Saƙo ne ba ya isa, sai na nemo inda yake maƙalewa. Aikin kuwa na mutum biyu ne, ɗaya yana murza makulli ɗaya yana bin waya. Na je na tsuguna a bakin zaure.

“Baba, hannu nake nema.”

“Nemi wani.”

“Kowa yana gona. Makulli kawai za ka riƙa murzawa in na ce.”

Ya ce in bar wahalar da kaina, an riga an yanke magana. Ban tashi ba. Da ya ga na zauna dirshan a gabansa, ya yi tsaki ya laluba takalmansa. Ya shiga ya zauna a mazaunin direba, na ga ya ɗora tafin hannunsa a kan sitiyari ya bar shi a nan. Na yi kamar ban gani ba.

Na fara daga bayan makulli. Na manna waya ɗaya ta ƙwan a jikin ƙarfen mota, ɗaya a bakin siririyar wayar, na ce, “Murza.” Ƙwai ya kama. Na bi wayar ta ramin da take ratsawa zuwa wurin inji. Don kada in yanke ta, sai na ari allurar Inna ina soka ta cikin rigar wayar, ina taɓa ƙwan a jikin allurar. Murza, ya kama. In matsa gaba, murza, ya kama. Baba ya fara gajiya da ni, yana cewa in zan ƙarar da batir ɗin in gaya masa. Daga baya sai da na shimfiɗa buhun taki na kwanta a ƙarƙashin motar, busasshen taɓo yana zubo mini a ido. A can, dab da kik, na iske ƙarshen wayar an naɗe shi da baƙar roba, tun daga kamar tsawon yatsa har kan ɗan harshen ƙarfen. Kafin robar, ƙwai ya kama. A jikin harshen, bayan robar, Baba ya murza har ya gaji, ko alamar haske babu.

Mu manoman rani roba ce maganin komai a wurinmu. A sami tsohon tub na keke ko na mota a yanka shi siri-siri, a rataye a ƙusa. Bututun ban ruwa ya tsage, roba. Ƙotar fartanya ta dare, roba. Kwandon tumatir ya ɓalle, roba. Iya ɗauri ma abin alfahari ne, kowa da irin nasa, kuma abin da aka ɗaure da kyau ba wanda yake tunanin kwance shi ya duba. Wannan ɗaurin kuwa na gane shi tun kafin in taɓa, don Baba ne kaɗai yake cusa bakin robar a ƙarƙashin naɗin ba tare da ƙulli ba.

Na cire kan batir, na koma na fara warwarewa. Ina ɗaga zagaye na ƙarshe wani ruwa mai wari ya ɗigo mini a kumatu, sai wani koren gari ya biyo baya. Abin da ke ciki ɗan ƙarfen tagulla ne kamar farcen yaro, wanda ake matsewa a bakin waya don ya kama harshen kik. Tsatsa ta cinye shi ya karye a wuya, gida biyu. Robar ce take riƙe da su a jere kamar lafiyayyu, ita ce kuma take tare ruwa a ciki duk lokacin da motar ta ratsa malalen kanal. Na fito na buɗe tafin hannuna a gaban Baba.

Ya ɗauki robar ya juya ta. Ya ce, “Ɗaurina ne.” Ya ce wayar ce take zamewa in ya shiga gargada, sai ya ɗaure ta, ta kuma yi wata da watanni ba ta ba shi matsala ba. Ya ja robar ya sake ta, ya ƙara da cewa, “Ai ka ga ɗaurin bai kwance ba.”

Na feƙe bakin wayar na murɗa shi a jikin harshen haka nan, na mayar da kan batir, na ce ya murza. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta ɗauka. Hayaƙi ya cika ƙofar gida, kajin Inna suka watse. Baba ya taka totur yana sauraren inji da kunne ɗaya, sannan ya kashe ya leƙo ta taga.

“Shi ke nan. Ɗauko roba a ƙusa.”

Na zura hannu na ɗan ja wayar, ta biyo ni ba gardama. Na nuna masa. Na ce wannan ko gonar ba za ta kai shi ba, kuma ranar da ta zame yana can shi kaɗai na san abin da zai yi, gangare zai nema. Roba kuwa ba za ta sake hawa wurin nan ba. Ya ce tun kafin a haife ni yake ɗaure abubuwa. Na ce na sani, Baba.

Sai neman irin ɗan ƙarfen nan. Na bi motar lungu-lungu, a ƙarshe na same shi a jikin injin abin goge gilashi, wanda ya mutu tun ina makaranta, da damina ma tsumma Baba yake sawa. Na yanko shi da ɗan jelar wayarsa, na gwada a harshen kik, ya shige ya kama tsam. Saura haɗa waya da waya, a kuma like da dalma.

Wannan ya ci mini yini guda. Ba ni da abin narka dalma, sai wata ƙatuwar ƙusa da nake gasawa a wuta in riƙe da filaya. Kafin in rugo daga murhun Inna zuwa ƙofar gida ta huce. Ina cikin wannan zirga-zirga sai ga Inna da kanta ta fito da garwashi a kasko ta dire a gindin taya, ta ce ba don motar ta kawo ba, ta gaji ne da ina tattake mata tsakar gida. Duk da haka dalmar ta ƙi kamawa, sai ta dunƙule ta gangare ƙasa kamar ƙwayar gero. Na ƙona babban yatsana, guntun dalmar yana ta ƙarewa, raina ya ɓaci har na yi jifa da filaya. Na je na ɗauko ta. Da na duba da kyau sai na ga tagullar cikin tsohuwar wayar ta yi baƙi, tsatsar ta bi ta ciki. Na riƙa yankewa ina komawa baya har na iske inda take ja tana ƙyalli, na kankare da reza, na murɗe su tare. Baba ya sauko ya riƙe mini wayoyin da filaya. Na ɗora ƙusar, na taɓa sauran dalmar, ta narke ta shige cikin silin wayar ta ɓace. Na bari ta huce na ja da ƙarfina, ko gezau.

Na zura mata wani ɗan bututu a kan mahaɗar, na bar ƙasansa a buɗe don ruwa ya riƙa fita. Jikin wayar kuma, can sama nesa da kik, yana bukatar a kama shi da ƙarfen mota kada ya riƙa lilo. Na ɗauko roba a ƙusa na miƙa wa Baba. Ya ɗaure ya cusa bakin a ƙarƙashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya ya iso da dillalinsa. Mutumin ya zagaya motar yana bubbuga taya da ƙafa. Ban yi dogon bayani ba, na ce wa Yaya ya tsaya ya gani. Baba ya taso daga zaure da farar rigarsa ta Juma'a, ya shiga ya ja ƙofa ya murza makulli. Ta tashi. Yaya ya ce a kashe a sake. Ta tashi. Ya sa aka sake, ya zagayo ya leƙa cikin bonet, ya zura hannu ya ja wayar da kansa. Na dubi fuskarsa na ga ba haushi yake ji ba, tsoro ne bai sake shi ba, irin wanda Inna take ji. Ya sallami dillali, ya dawo ya rusuna a bakin taga.

“Baba, don Allah a riƙa tafiya a hankali.”

Baba ba ya amsa wa ɗan farinsa magana kai tsaye, ko sunansa ba ya faɗa. Gilashin gaba ya kalla ya ce, “A gaya masa ya kauce, zan wuce.”

Ko rigar bai canza ba. Muka tsaya muna kallonsa har ya karya kwanar kanal. Inna tana bayan ƙyauren zaure, ta ce in ta san haka ne da ta dama masa fura ya tafi da ita.

Ana gab da kiran magariba ya dawo, farar rigar nan taɓo har gwiwa. Ya kashe mota a fili, ya zare makulli ya sa a aljihunsa. Na taso da fara'ata zan yi masa sannu da zuwa, sai ya tare ni tun daga nesa.

“Kai, wa ya koya maka ban ruwa? Alkama ce ka shuka ko shinkafa? Kwamin gabas duk ruwa ya kwanta, na yamma kuwa ƙasa ta tsage. Wata nawa na bar maka gonar nan?”

Ya yi ta faɗa a gaban Yaya, a gaban masu wucewa masallaci, yana nuna ni da hannun da ya karye. Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, ina cewa a yi haƙuri, Baba. Daɗi ne ya cika ni har idona ya kawo ruwa, na bar kaina a sunkuye don kada ya gani ya ɗauka faɗan ne ya yi mini zafi, ya sassauta.